Ruwan da Ya Gangaro Daga Gidan Idwal

Akwai wani ɗan tsuntsu a rafukan tuddan Wales wanda kamar bai san shi tsuntsu ba ne. Bai fi dunƙulen hannu ba, baƙi-baƙi ne, da farin ƙirji. Sai ya tsaya kan dutse a tsakiyar ruwa yana rusunawa yana miƙewa kamar mai gaida manya, can kuma sai ya taka ya shige ruwan da ƙafarsa, ya riƙa tafiya a ƙasa yana juya tsakuwa yana neman tsutsa. Ba ya zama inda ruwa yake da datti. Duk rafin da ka gan shi, durƙusa ka sha.

Nesta tana da nata guda ɗaya a bayan gida. Fasto take kiransa, saboda farin wuyan mai kama da farar kwalar limaman coci.

Ta haura shekara sittin, ba ta taɓa aure ba. Tana zaune ita kaɗai a ɗan gidan dutse da ke gangare, bakin rafi. Sama da ita, a kan tudu, gonar shanun madara ce ta ƙaninta Idwal da matarsa Delyth. Mahaifinsu ne ya bar mata gidan gangaren, ya ce ta zauna muddin tana iya kula da kanta. Sanyin ƙashi ya kanannaɗe mata yatsu, ko murfin kwalbar zuma ba ta iya buɗewa sai ta jira mai kawo wasiƙu. Idan ta tsorata kuma i'ina take yi. Da wannan, da hirar da take yi da tsuntsu, mutanen ƙauye suka yanke cewa ba ta cika ba. Ba da mugunta suke faɗa ba. Haka dai suke faɗa.

Ruwan shanta daga wani idon ruwa yake fitowa a gindin tudun, ya taru a akwatin siminti, bututu ya kai shi famfon kicin ɗinta. A cikin akwatin akwai wani tsohon kwaɗo da ya daɗe yana gadi. A farkon sanyin shekarar nan, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ta ɗaga murfin ta tarar kwaɗon ya yi ƙaura. Ta koma kicin ta tara kofi a famfo. Ruwan garau yake a ido, amma da ta kai shi hanci sai ta ji warin garke.

Ta sa takalman roba ta hau tudu.

Ta same su a kicin suna karin kumallo. Delyth ce ta fara hango ta ta taga.

"Ga sarauniyar rafi nan ta hawo. Yaya Nesta, tuɓe takalman nan a ƙofa don Allah, yanzu na goge ƙasa."

Idwal ya ɗago daga kwanonsa. Ƙato ne, jajir, gashinsa ya fara fari. "Yaya, Fasto ne ya aiko ki da sassafe?"

"Ka buɗe tankin jiya," in ji Nesta.

Cokali ya tsaya a hannunsa, sannan ya ci gaba da tafiya.

Tankin da take nufi kowa ya san shi. Wani makeken rami ne na siminti a bayan rumfar shanu, inda ake tara kashinsu da fitsarinsu da ruwan wankin daɓe. Cikin watannin sanyi doka ta hana a watsa shi a gona, don ƙasa ta riga ta ƙoshi, duk abin da aka zuba mata rafi za ta miƙa wa. Sai a jira bazara. Tankin zai iya jira, da kashin shanu ne kawai yake shiga. Amma tun wata guguwa da aka yi, indararon rumfar ya karye ya rataye kamar karyayyen hannu, ba a gyara ba. Duk ruwan saman da ya sauka a kan wannan faffaɗan rufi sai ya zubo tsakar gida, ya bi ta cikin kashi, ya faɗa tankin. Ruwa mai tsabta daga sama, kafin ya yi taku goma ya zama ƙazanta. A gindin tankin akwai bututu, a bakinsa akwai wani marufi da ake murɗawa da ƙarfe mai kama da sitiyarin mota. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi rafi ya yi ja da laka, Idwal yakan saka dogon ƙarfe a sitiyarin, ya danna da duk ƙarfinsa, ya rage wa tankin ciki. Ja cikin ja, wa zai gane?

"Ruwana yana wa-wari," in ji Nesta. "Ka gyara indararon nan, Idwal. Da ni da Baba duk kaka muke share shi. In ruwan rufi ya bi hanyarsa, tanki ba zai cika ba."

"Da ke da Baba kuna da shanu nawa? Kin san yadda madara ta faɗi? Kin san abin da banki yake cewa? Wanda zai hau rufin nan ba da godiya ake biyansa ba."

"Ni dai ruwana..."

"Haba Yaya. Ai Baba da kansa yake cewa in ruwa ya tsallake duwatsu bakwai ya wanke kansa. Tsakanina da ke duwatsu nawa ne?"

Delyth ta yi dariya tana zuba mata shayi. "Hanci ne kawai, Yaya. In mutum ya manyanta sai ya riƙa jin warin abin da babu. Kakata har hayaƙi take ji a coci. Ki tafasa kawai ki sha."

Nesta ta sha shayin a tsaye, ta gangara.

Tana tafasawa in ta tuna. Amma da ruwan take wanke baki, da shi take wanke kwano da ganye. Kafin mako ya zagayo ciki ya ɓaci. Gudawa da amai, sai zazzaɓi mai sa haƙora kaɗawa. Da ta ɗan farfaɗo sai a sake yin ruwa, famfon ya sake kawo warin, ita ma ciwon ya dawo. Siket ɗinta ya fara zamewa, ta riƙa ɗaure shi da igiyar ɗaurin ciyawa. Delyth ta kawo mata ruwan roba sau ɗaya, ta dire a bakin ƙofa. Murafen sun fi ƙarfin yatsun Nesta. Sai da ta huda ɗaya da wuƙa, rabin ruwan ya zube a ƙasa. Da suka ƙare ba a sake kawowa ba.

Mai kawo wasiƙu ne ya same ta zaune a dakali da rigar barci da rana tsaka, leɓɓanta sun tsage, tana tambayarsa ko ya ga babanta a hanya. Ya hau tudu ya faɗa. Dole Delyth ta ɗauko mota ta kai ta wurin likita a gari.

Likitan yaro ne, sabon zuwa, idonsa rabi a kan na'urarsa. Ya tambayi Nesta abin da ke damunta. Ta buɗe baki, kalmar ta maƙale.

"Ru... ru..."

"Ruɗewa take yi, likita," in ji Delyth da murya mai taushi, tana shafa mata kafaɗa. "Mun daɗe muna lura. Ba ta cin abinci sai abin da ya kwana. Jiya babanta take nema, shi kuwa ya daɗe a ƙasa. Muna iya ƙoƙarinmu, Allah ya sani, amma ga shanu ga komai."

"Ruwa," Nesta ta samu ta fitar.

"Eh, ki yawaita shan ruwa, Mama," in ji likita. "Jikinki ya bushe." Ya rubuta mata magani, ya kuma rubuta wani abu da bai karanta musu ba.

A hanyar dawowa Delyth ta rage gudu daidai gidan gangare, ta tsaya tana kallonsa ta gilashi, ba Nesta take kallo ba. "Kin san baƙi 'yan hutu suna mutuwar son irin gidan nan? Dutse, murhu, ƙarar rafi. Ke kuma ga shi ya fi ƙarfinki."

Nesta ta sauka. Ta zagaya bayan gida. Fasto yana kan dutsensa yana rusunawa. Yana da wata farar fatar ido da yake ƙyaftawa, sai ka ce yana yi maka sigina. Ta ce masa, "Kana nan? To ni ma ina nan."

Sai aka shiga ruwan da tsofaffi suka ce ba su ga irinsa ba tun suna yara. Sama ta sauko ta zauna a kan tuddai, ta ƙi tashi. Tumaki suka juya wa iska baya suka tsaya kamar duwatsu. Da la'asar ɗin rana ta uku Nesta tana kwance sai ta ji muryar rafi ta sauya. Rafi yana da murya, wanda ya kwana kusa da shi ya sani. Ruwan laka ihu yake yi. Wannan kuwa nishi yake, mai kauri, kamar kunu yana tafasa. Ta ja jiki ta leƙa ta taga. Ba ja ba ne. Baƙi ne, da kumfa mai ruwan ƙasa tana taruwa a gindin itatuwa har gwiwar mutum. Wannan karon ba rage wa tankin ciki Idwal ya yi ba. Tankin ya kusa ambaliya, sai Idwal ya sake shi gaba ɗaya.

Da gari ya waye ruwa ya janye, ya bar abin da ya kashe. Kifaye ne birjik a kan ciyawa, cikinsu fari yana kallon sama, manya masu ɗigon ja a jiki da ƙanana kamar yatsa. Har dogon kifin nan mai kama da maciji, wanda ake cewa daga wani teku mai nisa yake zuwa tun yana kamar zare, ya yi ƙoƙarin fita ya mutu rabi a ruwa rabi a tudu. Dutsen Fasto ya yi baƙi, ba kowa a kansa.

Nesta ta ɗauko bokiti ta fara tsince su. Ba ta san dalili ba, ta dai ga bai kamata a bar su hankaki ya ci ba. Ta haƙa ƙananan ramuka a lambunta da cokalin shuka, tana binnewa layi-layi. Ƙarfi ya ƙare mata kafin kifin ya ƙare. Ta shigar da sauran kicin a bokiti, ta ce sai gobe.

Rafin nan ba a ƙofar Nesta ya tsaya ba. Yana gangarawa ya shiga madatsar ruwan da garin ƙasa yake sha. Wani mai kamun kifi ya ga abin da ya gani a bakin madatsar, ya buga waya. Kafin azahar labari ya iso tudu cewa ma'aikatan hukumar ruwa suna bin rafin a ƙafa, suna ɗibar ruwa a kwalabe, gona bayan gona, gobe za su iso.

Da yamma Idwal ya gangaro da kansa. Rabonsa da shiga gidan har an manta. Ya cire hula, ya zauna a kujerar babansu, ya ajiye mata tukunyar miyar rago da dankali mai zafi. Ya kalli bokitin kifin, ya kau da kai.

"Yaya, na shiga uku."

Ya matso da kujerar kusa da ita.

"In suka ce da gangan na yi, kotu ce. Kamfanin madara zai daina ɗauka. Banki zai karɓe gonar. Gonar Baba, Yaya, har da nan inda kike zaune." Ya murza hular a hannu. "Amma in kuskure ne... in wani ne da bai san abin da yake yi ba ya je ya taɓa..."

"Wa?"

Ya dube ta kawai, da idanun nan da yake dubanta da su tun yana yaro in ya fasa wani abu.

"Ba a kai tsohuwa kotu," ya ce. "Ba abin da zai same ki. Ki ce kin ga tanki zai cika, kika ji tsoro, kika je taimako. Shi ke nan. Gargaɗi za su yi mana su tafi. Ni kuma na yi miki alkawari, indararo zan gyara kafin wata ya mutu. In jawo miki ruwan famfo daga sama, mai kyau. Ɗan'uwa rabin jiki ne, Yaya. Wa nake da shi in ba ke ba?"

Nesta ta ɗaga hannayenta biyu ta nuna masa. Yatsun sun karkace kamar saiwar itace. "Da wa-wannan zan murɗa? Kai ma sai da ƙarfe."

"Wannan ba matsala ba ce," in ji shi. "Taho ki gani."

Ya ɗora ta a tarakta ya hau da ita. A gindin tankin ta ga gwangwanin man giris a buɗe, da burushin ƙarfe, da tsumma. Ashe tun rana yake aiki. Ya kankare tsatsar shekaru, ya kwance sitiyarin ya shafe shi da mai ya mayar, sannan ya goge wajen ya watsa masa laka don kada ya yi ƙyalli. Awannin da ya kashe a nan sun isa ya ɗaga indararo ya ɗaure.

"Gwada."

Ta ɗora tafin hannu ta tura. Sitiyarin ya juya sumul, ba ko ƙara.

"Kin gani? Ko jariri. Sake gwadawa, ki saba. Hagu ne buɗewa."

Delyth tana tsaye a bakin rumfa da hannu a aljihu. "Kada ki yi dogon bayani gobe, Yaya. Yadda kike ɗin nan ma ya isa."

Washegari ma'aikaciyar hukumar ruwa ta zo, wata mata siririya mai suna Catrin Bevan, takalmanta sun yi laka har gwiwa, idanunta na wadda ta ga gonaki da yawa. Ta zagaya tankin, ta bi sawun baƙin ruwa daga bututu har shinge. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon karyayyen indararon. Sannan Idwal ya ba da labarinsa, yana sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar tona asirin gida.

Catrin ta juyo wurin Nesta. Ta kalli igiyar da ke ɗaure da siket, ta kalli hannayen.

"Mama, ke kika buɗe wannan?"

"Ni... ni ce."

"Da hannun nan?" Ta matso, ta rage murya, ta juya wa Idwal baya. "Ki dube ni. Wani ne ya ce ki faɗi haka? In akwai magana, za mu iya zuwa mota mu biyu."

Nesta ta hango ƙaninta ta saman kafaɗar matar. Yana tsaye cikin yayyafi, hula a hannu, ruwa yana bin furfurarsa. Ita ta goya shi lokacin da uwarsu take kwance. Maganar gaskiya ta taso mata har maƙogwaro, ta tsaya nan inda kalmomi suke tsaya mata.

Ta taka ta dafa sitiyarin, ta tura hagu. Ya juya. Ragowar baƙin ruwa ya tsiyayo ya wanke mata takalmi.

Catrin ta yi ajiyar zuciya, ta rufe marufin da kanta. "To," ta ce. Wayarta tana ta ƙara, ana jiranta a wani rafin.

Gargaɗi aka yi wa Idwal, kamar yadda ya faɗa. Aka ce ya gyara indararo, ya kuma sa wa sitiyarin kwaɗo. Kwaɗon ya saya ranar. Makulli biyu ya zo da su, ya sa ɗaya a aljihu, ɗayan ya rataye a ƙusa a kicin, kusa da murhun Delyth.

Abin da bai faɗa wa Nesta ba, ko da ya sani ko bai sani ba, shi ne cewa maganar ba a nan take tsayawa ba. Tsohuwar da ta ruɗe har ta kashe rafi guda, tana zaune ita kaɗai a bakin ruwa, dole a sanar da masu kula da tsofaffi. Wata mata mai fara'a ta zo da jaka. Ta riga ta ji daga likita. Ta tarar da Nesta a kwance ciwon ya dawo, ta tarar da bokitin kifi ya ruɓe a kicin, ta ga ƙananan kaburbura layi-layi a lambu. Ta tambaye ta yau wace rana ce. Nesta ba ta sani ba. Ta tambaye ta da wa take hira in ta ji kaɗaici.

"Da Fasto. Amma ya tafi."

"Wane fasto, Mama?"

"Tsuntsu ne," in ji Delyth daga bakin ƙofa, tana share ido da gefen hannu.

Nesta ta ga inda maganar ta nufa. Ta yunƙura ta zauna. "Ba ni na bu-buɗe ba. Idwal ne. Ya shafa mai. Ya ce in ce..."

Matar ta dubi Delyth, Delyth ta girgiza kai a hankali. "Haka take yi yanzu. Jiya ma cewa ta yi na sace mata cokula."

"Kada ki damu, Mama," in ji matar, tana riƙe mata hannu. "Ba wanda yake fushi da ke."

Ranar da za a tafi da ita gidan tsofaffi Idwal bai gangaro ba, wai saniya tana haihuwa. A ƙauye aka yi ta jajantawa. A kanti, a ƙofar coci, ana cewa kai, Idwal da Delyth sun yi haƙuri, ba kowa zai iya ba. Manoman da suke cewa haka, kowanne ya san nauyin irin wannan sitiyari, don kowanne yana da nasa a bayan rumfa. Ba wanda ya tambaya. Kafin ciyawa ta yi sabon tsiro an yi wa gidan gangare farin fenti, an jawo masa ruwan famfo daga sama, don baƙi ba za su sha abin da ke wari ba. An shuka furanni a kan kaburburan kifin. Sun yi kyau ƙwarai, ƙasar ta sami taki.

Gidan tsofaffin yana garin ƙasa, a gindin bangon madatsar. Ɗakin Nesta yana da ɗumi da tsabta, ƙofar waje kuma sai da lamba take buɗewa. Cikin ya warke, ta yi ƙiba kaɗan, ta san ranakun mako sarai, amma ba wanda ya sake tambayarta. Ba ta da rigima sai abu ɗaya. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ba ta shan ruwan famfo, ba ta shan shayi, sai ta tura kofi gefe ta rufe baki. Ma'aikatan suka saba. "Yau sarauniya tana azumi," sukan ce, su yi dariya ba da mugunta ba.

Bazara ta wuce, kaka ta wuce, sanyi ya dawo da ruwansa. Aka yi kwanaki ana zubawa. Wata safiya sai ga ma'aikata suna bi ɗaki-ɗaki da ruwan roba, suna manna jan tef a kan famfuna. An sanar a rediyo kada kowa a garin ya sha ruwan famfo, wani abu ya shiga madatsar daga rafukan sama. Tsofaffi biyu a ɗakunan ƙasa sun riga sun kwanta, an tafi da ɗaya asibiti.

Ran Lahadi Idwal ya zo. Yakan zo jefi-jefi, ya zauna a bakin gado yana kallon agogo. Yau bai kalli agogo ba. Ya rame.

"Yaya, kin yi kyau. Suna kula da ke?"

"Ka gyara indararon?"

"Ai ina ta neman mai hawa. Kin san mutanen yanzu."

Ruwa yana dukan taga. Nesta ta dubi jan tef ɗin da ke kan famfo, ta dube shi.

"Ni dai ina nan," ta ce, ba i'ina ko kaɗan. "Ƙofa a kulle take. Suna da shaida."

"Haba Yaya, wa ya ce ke ce?"

"Za su sake biyo rafi."

"Sun fara." Ya murza hular. Sannan ya ce, yana kallon ƙasa, "Kin san Delyth ba ta jin daɗi kwanan nan. Mantuwa take yi. Ran nan ta bar tukunya a wuta har ta ƙone. Makullin nan kuma a kicin yake rataye, kullum a gabanta. Ni ban ce komai ba tukuna. Ina dai lura."

Nesta ta daɗe tana kallonsa. Ta nemi yaron da ta goya a fuskar nan, ta ga har yanzu yana nan, da idanunsa na wanda ya fasa abu. Abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

Ta tashi a hankali ta je wurin famfo. Ta sa gefen hannu ta ɓare jan tef ɗin, ta tura kan famfon da tafinta. Ruwa ya zubo garau, ba abin da ido zai gani. Ta cika kofi, ta riƙo shi da karkatattun yatsunta biyu-biyu, ta kawo masa har gaban ƙirji.

"Sha, ƙanena. Ka sha hanya."

"Yaya, an ce kada a..."

"Na gida ne. Daga can zuwa nan ai ya tsallake duwatsu sun fi bakwai."

Idwal ya kalli kofin. Bai karɓa ba, bai ture ba. Ruwan ya fara ɗiga a kan wandonsa na zuwa coci, ba ta sauke ba.

Wata ma'aikaciya ta leƙo, ta ga famfo a buɗe da tef a ƙasa. Ta shigo da sauri ta karɓe kofin ta zubar. "Ayya, Nesta, ba mun ce a'a ba? Yi haƙuri, Malam, haka take yi in ana ruwa. Ba ta san abin da take yi ba."

"Na sani," in ji Idwal, yana miƙewa yana sa hula. "Mun daɗe muna fama."

Ta taga Nesta ta ga motarsa ta fita, ta kama hanyar tudu. Can sama hadari ya sake haɗuwa. Ruwan da zai sauka a rufin rumfar nan mai tsabta ne, kamar kullum, babu ruwansa da kowa. A kicin ɗin kan tudu kuwa, Delyth tana nan tana dafa masa abincin rana, makulli yana rataye a ƙusa daidai kafaɗarta.